Tsohon Ƙarfen da Na Bar wa Mai Gyara

Tun da na buɗi ido a garin Garwa na tarar da wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ko'ina ba: abin da ya rage bayan aiki, na mai aiki ne. Ki kai dawa surfe, dusar ta mai surfe ce. Ki kai yadi wurin tela, ƙyallen da almakashi ya zubar ba kya waiwayarsa. Ina yarinya an taɓa aike ni da bokiti wurin maƙerin gwangwani ya sake masa gindi. Da ya gama sai na ɗauko tsohon gindin, mai tsatsa, don in yi wasa da shi. Mahaifina yana zaune a ƙofar gida kan buzu. Kakanninsa fatake ne, daga Nijeriya suka gangaro da goro da tufa, shi kuwa mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya dubi abin da ke hannuna, ya ce, "Mayar masa. Mu ba ma kwashe wa mai sana'a ragowarsa." Da rana tsaka na koma, ƙasa tana gasa mini tafin ƙafa. Da wannan na girma, da shi na tsufa, da shi kuma na kashe wa jikata aikin shekara biyu.

Jikar nan 'yar 'yata ce. Uwarta tana aure a Marwa, unguwar Dugoy. An kawo mini yarinyar yaye, daga nan ba a sake zuwa karɓarta ba, ni ma ban yi tuni ba. Ni ban taɓa zama kan bencin lekol, makarantar boko, ba, ita kuwa ta hau, ta hau, har jami'a, tana karatun noma. A ƙarshen karatun nasu kowa sai ya rubuta littafi nasa na kansa, ya tsaya gaban malamai ya kare shi, sannan a ba shi takarda. Wanda bai kai nasa ranar da aka yanka ba, sai baɗi. Ita nata kan yadda matan ƙauye ke ajiye irin dawa ne, daga kaka har shuka. Damina biyu tana hawa moto, babur ɗin haya, zuwa ƙauyukan Bibemi. Takan dawo da laka har gwiwa, sauro ya yi mata zane a hannu. Ta zauna da tsofaffi ta ɗauki muryarsu a waya, ta ɗauki hoton tukwanensu da tokar da suke barbaɗawa, ta auna, ta ƙirga. In ta dawo sai ta juye duka cikin kwamfutarta, wadda ita take kira odinater, ta share wayar don ta sami wurin na gaba.

Kwamfutar 'yar gwanjo ce, ta ga jiya ta ga yau. In an kunna ta, sai in gama dama kunu ba ta farka ba. Tana kuma wata ƙara a ciki, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ɓera ya faɗa ƙwarya.

"Kaka, wannan sa'arki ce," in ji jikata. "Ku biyu sai an lallaɓa ku kuke tashi."

"Ƙaniyarki. Ni na tashi tun asuba, ke kina munshari."

Abokan karatunta suka ce mata maganin abin sauƙi ne da shi. Wai a cikin kowace kwamfuta akwai ma'aji, diski suke ce masa. Nata irin na dā ne, mai juyawa kamar dutsen inji, shi ne mai ƙarar nan. Akwai sabo, es-es-de, ba ya juyawa, ba ya ƙara, yana da sauri. A cire tsohon, a sa sabon, a juye duk abin da ke cikin wancan zuwa wannan, shi ke nan.

Akwai mai gyara a babbar kasuwa, layi biyu tsakaninsa da inda nake kasa daddawa da kuka. Bafillace ne, ya fara furfura, tabaransa ɗaure da zare. Da gyaran rediyo ya fara, har na marigayi maigidana ya sha gyarawa, kafin zamani ya mai da shi kan waya da kwamfuta. Ita da kanta ta kai masa. Ranar karɓowa malaminta ya kira ta, tana ɗaura ɗankwali tana sauri ta ce mini, "Kaka, in kin tashi kasuwa ki biya ki karɓo mini. Na riga na sallame shi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na sha juya maganar nan a raina, in ƙara mata, in rage mata, ba ta taɓa wuce haka ba.

Da la'asar na biya. "Jam na, Dada?" ya gaishe ni da Fillanci, ya miƙe ya ba ni kujera. Ya sa kwamfutar cikin jakarta, ya ja zif. Sannan ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai faɗi, bai kai tafin hannuna ba, ya ajiye kan tebur ya turo gabana.

"Ga tsohon."

Na tura masa abinsa.

"Dada, nata ne."

"Ka sa mata sabo ko ba ka sa ba?"

"Na sa. Na juye mata komai."

"To wannan naka ne."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ita ta ce a bar mini?"

A nan raina ya sosu. Na ga kamar yana auna ni ne, ko na zama irin tsofaffin da ke tsince ƙusa a rumfar mutane. Na ce, "Ni na ce. Ni na haifi uwarta. A gidanmu ba ma kwashe wa mai sana'a ragowarsa."

Ya yi godiya, "Useko, Dada," ya jefa ƙarfen cikin wani kwali mai cike da wayoyi. Na fito ina jin daɗin kaina. Wallahi ina jin daɗin kaina. Na ce yau na yi abin da aka koya mini.

Kwana uku gidan nan kamar ana biki. Ta danna, kafin ta ɗauke yatsa abin ya buɗe. Babu ɓera, babu jira. Ta ce, "Kaka, an yi wa sa'arki sabon jini, saura ke." Ba ta tambayi tsohon ba, don a zatonta yana aljihun jakar. Ni ban ambata ba, don wa ke ba da labarin dusa?

Rana ta huɗu, da hantsi, ina tsince shinkafa a tsakar gida, na ji ta yi shiru irin wanda ba na karatu ba. Na leƙa. Tana jan yatsa kan kwamfutar, 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar gilashin ta tsaya cak. Hasken yana nan, rubutun yana nan, amma abin ya sandare, kamar mutumin da ya mutu ido buɗe. Ta danna nan, ta danna can. Daga baya ta danne maɓallin kashewa har ya mutu, ta sake kunnawa. Ya tashi garau. Ta yi dariya ta ce ba komai.

Kafin azahar ya sake. Washegari sau biyar.

Lokacin bazara ne, kuma wanda ya san Garwa ya san zafinta. Sai ta ce zafi ne. Ta ɗora kwamfutar kan tubala biyu don iska ta ratsa ƙasanta, ta koma kusa da randa, ni kuma na zauna gefe da mafici ina yi wa ƙarfe fifita kamar mai jego. Ya sandare. Ta ce wutar unguwarmu ce ba ta da tsayuwa, ta cire caja ta yi aiki da batir. Ya sandare. Wata ƙawarta ta zo ta ce cuta ce ta shiga, suka sa wani abu ya yi ta bincike tun safe har la'asar, bai ga komai ba. Ni ma na tofa mata addu'a, ba zan ɓoye ba. Wanda bai san ciwo ba, da abin da ya sani yake magani.

Sau biyu tana mayar wa mai gyara, ita kaɗai. Na farko ya buɗe cikin, ya hura, ya ƙara ɗaure sabon diskin, ya ce ko bai zauna daidai ba ne. Na biyu ya shiga wani wuri mai shuɗin fuska ya canza abin da ya canza. A rumfarsa abin yakan yi lafiya, don shi buɗewa kawai yake ya rufe. In ta dawo gida ta fara aikin gaske, sai ya ƙafe. Ba su yi zancen tsohon ba. Shi yana zaton ta san na bar masa, ita tana zaton yana hannunta.

Ni da nake zaune ina fifita, na lura da wani abu. Na ce, "Ƙawata, in kina kan rubutun farko-farko lafiya yake tafiya. Sai kin je taɓa muryar matan nan, ko hotunan tukwane, sannan yake ƙafewa."

Ta ɗago ta dube ni. Ta gwada. Haka ne. Ta sake gwadawa. Haka ne. Ta ce, "Tsohuwa, ashe idonki yana aiki." Na ji daɗi, ban san rami nake nuna mata ba.

Saura sati uku a kai littafi, ta ɗauki kwamfutar ta kai wa wata ma'aikaciya a ɗakin kwamfutocin jami'a. Matar ta riƙe ta wuni guda. Da yamma jikata ta shigo tana cire takalmi tana magana, fuskarta a sake, irin ta wanda aka gaya masa sunan ciwonsa.

"Kaka, an gano. Sabon diskin jabu ne."

"Jabu kamar yaya?"

"Bakinsa ya fi cikinsa. A jikinsa an rubuta buhu ne, alhali mudu ne. Kina zubawa yana cewa na karɓa, na karɓa. Da mudun ya cika, sauran duk ƙasa yake zubewa, sai sunayen kawai yake riƙewa. Shi ya sa in na kira sunan abu, ya tafi nema, bai samu ba, sai ya tsaya can ba ya dawowa."

"To muryoyin fa?"

"Babu ko ɗaya a ciki. Sunaye ne zalla. Amma alhamdu lillahi, tsohon yana nan, ba a taɓa shi ba. Gobe a sa na gaske, a sake juyewa."

Ta jawo jakar. Ta zuge aljihun gaba. Ta zuge na gefe. Ta juye jakar ta kakkaɓe, biro ya faɗo, da wata 'yar takarda. Ni ina riƙe da ludayi a gaban tukunya.

"Kaka, ranar da kika karɓo, bai ba ki wani ɗan ƙarfe ba? Kamar haka girmansa."

Shekaruna sun wuce saba'in. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, na tsaya gaban alkali kan gadon gida ban yi rawar murya ba. Amma ranar nan na dubi tukunya na ce, "Ban lura ba."

Da safe ta ce in raka ta, ni ce shaida. Muka je. Kasuwa ta fara cika. Ba ta ko gaishe shi ba.

"Malam, diskin da ka sa mini jabu ne. Wannan ɗaya. Na biyu, ina tsohona?"

Ya miƙe a hankali. "Jabu? Wallahi a kwalinsa na saye shi, a rufe."

"Ban tambaye ka kwali ba. Ina tsohona?"

Ya dube ni. Sau ɗaya ya dube ni, ta saman tabarau. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara bakin mayafi.

Ya ce, "Ba ya nan."

"Yana ina?"

"Na wanke shi washegari. Na sayar."

Ban taɓa jin muryar jikata haka ba. Ta zage shi da Hausa, ta koma Fillanci, da abin ya ci tura ta koma Faransanci. Ta ce ɓarawo ne, ya sa mata na banza ya sace na kirki. Ta ce sai ta kai shi komisariya, wurin 'yan sanda. Maƙwabtansa suka taru, mai sayar da caja yana cewa "Haba 'yata, haba 'yata," wani daga baya yana cewa ai duk halinsu ɗaya masu gyaran nan. Mutumin yana tsaye, hannayensa a gaba, yana cewa, "Ki yi haƙuri. Kuskure ne. Ki yi haƙuri." Kalma ɗaya ce za ta wanke shi, kuma tana bakinsa. Bai faɗe ta ba, don ba a tona tsohuwa gaban jikarta. Shi ma da nasa abin da aka koya masa.

Na bar shi ya sha zagin nan har ƙarshe. Wannan ya fi ba da ƙarfen ci mini rai, don ba da ƙarfen rashin sani ne.

A hanyar gida ba mu hau moto ba. Muna tafe, tana share hawaye da gefen ɗankwali. Da muka iso inuwar dalbejiyar da ke kusa da famfon unguwa na ce ta tsaya, ƙafata. Ta tsaya.

"Ya ba ni," na ce. "Har gabana ya turo mini. Ni na ce ya riƙe."

Wata mai tulu ta cika ta wuce.

"Don me, Kaka?"

"Ragowar aiki ce. Na ɗauka ragowar aiki ce."

"Jiya da na tambaye ki fa?"

Na kau da kai.

Ta ce, "To." Ta karɓi jakar daga hannuna, ko da yake ba nauyi gare ta ba, ta yi gaba.

Da ta yi mini ihu irin wanda ta yi masa, da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dafa abincin rana, ta kawo mini nawa a rufe, ta durƙusa ta ajiye. Tun da aka kawo ta yaye ba ta taɓa durƙusa mini ba. Tsakanin kaka da jika tsokana ce gaisuwa. Daga ranar nan na zama "Kaka, ina kwana," "Kaka, a huta gajiya," kamar baƙuwar da ta zo daga nesa.

Ni ma ina da tawa maganar, kuma zan faɗe ta. An aike ni ba a gaya mini abin da na ɗauko ba. Haka yaran yanzu suke yi mana: riƙe nan, kai can, danna kore in ya yi ƙara. Ba sa bayani, don sun riga sun yanke cewa ba za mu gane ba. Da ta ce, "Kaka, tsohuwar tukunyar ma ki taho da ita, irin yana ciki," da a zanina zan ƙulle shi, in ɗaure a ƙugu. Yarinyar da ta shekara biyu tana tambayar mata yadda ake ajiye iri, nata irin wuri ɗaya ta zuba shi. Na faɗa a raina, ban faɗa mata ba. Mai laifi ba ya wa'azi.

Washegari na koma wurin mai gyara ni kaɗai. Na tsaya a bakin rumfar, na ɗaga murya yadda mai sayar da caja da sauran za su ji, na ce ni na ba shi, bai saci komai ba. Wasu suka ji, wasu sun riga sun tafi da labarin jiya. Ya ce, "Dada, zauna, ya wuce." Na tambaye shi wanda ya saya. Ya ce wani ɗan moto ne daga Banyo, ya zo sayen kayan gyara, ya sa aka cika masa shi da waƙoƙi da finafinai, ya tafi. Bai san sunansa ba.

"In na je Banyo fa?"

"Dada, ko kin same shi, an yi rubutu kan rubutu. Allon da aka wanke aka sake rubutawa, ina za ki ga na jiya?"

Ya nemo diski na gaske ya sa mata, bai karɓi komai ba. Ita ma ta je ta ba shi haƙuri, na ji a bakin mutane. Tun daga ranar kwamfutar ba ta sake sandarewa ba, ko sau ɗaya. Tana tashi kamar walƙiya, tana gudu, ba ƙara, ba zafi. Ta warke sarai, ba kowa a cikinta.

Abin da ya tsira kaɗan ne: babi biyu na farko, da wasu takardu da malaminta ya yi wa jan biro. Ta kai masa. Ya ce ba a tsayawa gaban malamai da labari, sai da shaida, kuma shaidar ita ce muryoyin nan da awon nan. Ranar da aka yanka ta zo ta wuce tana zaune a ɗaki.

Ƙawarta, wadda ta zo neman cuta a kwamfutar, ta kare nata ta ci. Gidansu yana bayan namu. Tun hantsi muke jin guɗa. Jikata ta yi wanka, ta sa atamfarta mai kyau, ta je ta taya su tuƙa tuwo da raba lemo. Ta dawo da nawa rabon a kwano, ta durƙusa ta ajiye. Ban iya ci ba.

Da ruwan farko ya sauka bana, ta fara haɗa kaya. Za ta koma ƙauyukan Bibemi ta sake daga tushe. Ta kira can ta ji labari: biyu daga cikin tsofaffin sun rasu, wata ta bi ɗanta kudu, wata kuma ta ce ita ta riga ta faɗi nata sau ɗaya, ba rediyo ba ce. Duk da haka za ta je. Yanzu tana da 'yan ƙananan ma'ajiyai guda uku, ɗaya a wuya take rataye shi kamar laya.

Da safe ɗan moto ya tsaya a ƙofa. Ta fito da jaka a baya, ta ja ƙofar ɗakinta ta kulle. Ina zaune kan tabarma, na riga na buɗe tafin hannu a kan cinya, don ni take bar wa makulli in za ta yi tafiya. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, sai na dawo. A yi mini addu'a." Na yi mata. Ta miƙe, ta leƙa ta katanga ta kira matar maƙwabcinmu, ta miƙa mata makullin.